Wayoyi Biyu da Irin Albasar Yayana

Ni makanikin injin ban-ruwa ne. Kafin nan na yi gyaran rediyo a bakin kasuwar Wurno, har mutane sunka koma waya aikin ya mutu. Aji huɗu na yi a firamare anka cire ni. Abin da na sani na wuta da hannu na koye shi, wurin wani dattijo da bai taɓa riƙe mita ba, sai ƙwan babur guda da waya biyu a gindinshi. In ƙwai ya kama akwai wuta, in bai kama ba babu. In kana son sanin ƙarfinta, ka taɓa da bayan hannu. Wadda ta ja ka babba ce, wadda ba ta ja ka ba ƙarama ce. Wuta iri biyu ke nan a duniya yadda anka koya mani, kuma na wuce shekara arba'in ban ga dalilin ƙara ta uku ba.

Abu na biyu da na koya shi ne gada. In fis ya ƙone, ba wanda ke hawa mota zuwa Sakkwato neman fis. Zare ɗaya za ka ciro daga cikin waya ka ɗaure wurin, aiki ya ci gaba. In makunni ya lalace, a tsallake shi. Duk abin da ya tsaya tsakanin waya da waya ya hana aiki, a yi mashi gada. Haka kowa ke yi daga Dinawa har Rara, kuma wanda ya fi saurin yi shi ake kira gwani. Makanikin da ya buɗe inji ya ce a jira kaya, ba a ƙara kiranshi. Manomi bai ɗauko ka a babur don ka ba shi labari ba, ruwa yake son gani a bakin tiyo.

Yayana ya girme ni da shekara tara, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomin albasa ne, bai taɓa yin wata sana'a ba. Gonarshi tana kan hanyar Goronyo, gefen tudu, inda fadama ta ƙare. Yana da wata albasa da ya gada wurin mahaifinmu, ja mai duhu, mai siririn wuya, ɓawonta a ƙame. In an zuba ta a rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa, takan kai har damina ta yi nisa ba ta ruɓe ba, lokacin da ta kowa ta zama ruwa. Ba a samun irinta a kasuwa. Kowace shekara shi ke zaɓar uwaye da hannunshi, yana danna wuyan kowace da babban yatsa, ya dasa su nesa da gonakin mutane don kada zuma ta gauraya mashi da wata. Su yi fure, ya sami iri. Irin albasa kuwa ba ya jure ajiya. In ya zagayo shekara, yawancinshi ya mutu.

A daminar da ta gabaci abin da zan faɗa, gulbi ya cika ya hau fadama, ya kwashe rainon da yaya ya yi, duk irin da ke hannunshi yana ciki. Abin da ya rage mashi kwando biyu ne na uwaye, don rudu yana kan tudu ruwa bai kai ba. Su ya dasa, fangali goma sha biyu. In sun yi iri, albasar mahaifinmu ta rayu. In ba su yi ba ta ƙare, don uwar da ta yi fure ba ta komawa albasa.

Gefen tudun nan ƙananan rijiyoyi sun daina riƙe ruwa da rani. Shi ya sa gida shida sunka haɗa kai, har da yaya, anka haƙa masu burtsatse mai zurfi, anka zura sumo a ciki, injin nan da ke zama cikin ruwa yana turo shi sama, anka jera faifan sola, anka kafa wani akwatin ƙarfe a kan turke. Sumo na ɗora ruwa cikin wani tafkin siminti, daga nan kowa ya ja zuwa gonarshi a ranar da ta zo kanshi. Injin fetur ba ya jawo ruwa daga wannan zurfi, sai sunka sayar da injinansu duka. Injinan nan shida ni ke gyaransu. Na ji abin a raina.

Wanda ya haɗa kayan wani injiniya ne daga Sakkwato, da zan iya haifarshi in da na yi aure da wuri. Yana da ladabi, ba zan yi mashi ƙarya ba. Ranar da ya gama, yaya ya ce mashi ga ƙanena nan makaniki ne, ka nuna mashi don ko gaba. Injiniya ya buɗe akwati ya kira ni Kawu, ya shiga bayani. Ya ce a cikin rijiya akwai sensa, wani ɗan abu da ke jin ko ruwa ya rufe sumo ko ya ja baya. Da bolt ashirin da huɗu yake aiki, don wayarshi doguwa ce, in wuta ta yi kaɗan sai saƙo ya ɓace a hanya. Ya nuna mani wani baƙin abu a tsakiyar allo, bai fi farcen babban yatsa ba, ya ce wannan ce ƙwaƙwalwa, shi ya rubuta mata da kwamfuta abin da za ta yi, yaushe ta tayar da sumo, yaushe ta tsayar. Ita bolt uku da ɗan ɗori take ci, ba ta ɗaukar fiye da haka.

Sai ya nuna wani ƙaramin allo kore da ke tsakanin wayar rijiya da ƙwaƙwalwa. A kanshi akwai wani baƙin abu mai ƙafa huɗu, girman ƙwayar wake. Ya ce sunanshi ofto. A cikinshi akwai ɗan ƙwai a gefe ɗaya, da ɗan ido a ɗaya gefen. In sensa ya aiko da wuta sai ƙwan ya kama, idon ya gani, ya shaida wa ƙwaƙwalwa da tata ƙaramar wutar.

"Kawu, wutar rijiya nan take tsayawa, haske kaɗai ke wucewa. Ashirin da huɗun nan in ta taɓa ƙafar ƙwaƙwalwa, ta kashe ta."

Mutane suna tsaye bayanmu, cikinsu har da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifinmu, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba. Yana ɗaya daga gida shidan. Na kai hannu na kama tsiraicin wayar sensa da yatsa biyu, na riƙe, na juyo ina kallonsu.

"Injiniya, wagga wuta ko kaza ba ta kashewa."

Anka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ce kaza ta fi ƙwaƙwalwar nan ƙwari nesa ba kusa ba. Ya ci gaba da nuna wasu abubuwa, wani makunni a gefe, da lambar wayarshi da ya manna a bayan murfi. Ban ji sauran ba. Dariyar nan nake saurare, ta yi mani daɗi.

Sumo ta yi wata huɗu tana aiki lafiya. Abu ɗaya ya dami manoma. Kullum in rana ta take, wajen azahar, sai ta tsaya da kanta, jan ƙwai ya kama a akwati, sai bayan kamar awa guda ya koma kore ta tashi. Injiniya ya riga ya faɗa masu dalili. Rijiyar ba ta da saurin kawo ruwa, in an ja da ƙarfi sai ya sauka ƙasa da bakin sumo, ita kuma ruwan ne ke sanyaya ta, in ta yi gudu a bushe ƙonewa za ta yi. Sun ji, amma duk da haka haushi suke ji, ga rana tana zuba a kan faifai a banza. Taubashina cewa yake sumo ta fi ni kiyaye sallar azahar.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa. Uwayen yaya sun fitar da kara har ƙugu, kowane da farin dunƙulen fure a kai, zuma tana ta kai da kawowa. Lokacin ne iri ke ɗaukar ruwa ya yi ƙwari. Wata Litinin da safe yaya ya zo shagona a babur, ya ce sumo ta ƙi tashi tun hantsi, jan ƙwai ne a kunne, ga shi kuma sun zura igiya da dutse sun ji ruwa a cike. Na ɗauki jakata na hau bayanshi.

Mun tarar da sauran a gindin turke. Taubashina ya ce a kira mai abin, ga lamba nan. Yaya ya ce a bari ƙanena ya duba tukuna. Na buɗe akwati. Zanzaro ya shiga ta ramin waya ya gina gidanshi na laka daidai kan ƙaramin allon. Na kankare da tsinke. Ƙafafun ofto sun yi kore da tsatsa, ɗaya ta ɓalle ta biyo laka. Na haɗa ƙwan babur biyu a jere na gwada. Kafin ofto akwai wuta. Bayan ofto shiru. Sensa yana faɗin gaskiya, akwai ruwa, saƙon ne ba ya ƙetarewa.

Ba zan ce na manta maganar injiniya ba. Na tuna ta sarai. Na kuma kalli lambar da ke bayan murfi. Amma na san abin da zai ce, cewa zai yi a jira, ga kuma mutum shida a bayana suna kallon ƙeyata. Abu ne ya tsaya tsakanin waya da waya ya hana aiki, ni kuma shekara ashirin da wani abu aikina ke nan. Wutar da na riƙe da yatsa ban ji komi ba, mi za ta yi wa roba da ƙarfe? Na ce a hura mani gawayi. Na gasa ƙarfen dalma, na yanko waya biyu sirara kamar tsinken tsintsiya, na ɗaura daga ƙafa zuwa ƙafa, na tsallake baƙin abin. Ban gama ajiye ƙarfe ba ƙwai ya koma kore. Munka ji bututu ya yi tari, ruwa ya zubo a tafki.

Na ga fuskar yaya ta saki. Matarshi ta aiko da fura a kwano. Taubashina ya ce ashe tsohon mai rediyo bai mutu ba, suma ya yi. Na sha fura har na bar saura.

Ran Talata na koma da rana, don zuciyata ba ta kwanta ba. Azahar na yi sumo ta tsaya yadda ta saba, ta huta, ta tashi. Na ce wa kaina ka gani, yaran nan na boko tsoro anka koya masu. Ran Laraba na sake komawa. Azahar ta yi, ta wuce, ƙwai yana nan kore. Ruwan bututu ya sirance, ya dawo ja da yashi, yana zuwa yana yankewa da iska, amma sumo ba ta tsaya ba. Manoma murna sunka yi. Taubashina ya ce na cire mata lalaci, yanzu ta zama irinmu, sai ta ga dama take salla. Na buɗe akwati kamar mai duba dalma, na ɗora yatsa a kan ƙwaƙwalwa. Zafi kamar gindin kofin shayi. Na janye hannu, na rufe murfi.

Na sani a lokacin. Ban san yadda abin yake a ciki ba, amma na san ta daina jin sensa. Maganar da ya kamata in yi gajera ce, in ce ku kashe ta, na yi kuskure, a kira yaron. Faɗin haka kuwa yana nufin in mayar da furar Litinin. Sai na ce a raina ran Asabar zan shiga Sakkwato in nemo baƙin abin nan a wurin masu kayan talabijin, in sa, ba wanda zai san an yi. Kwana uku ne kawai. Ran Alhamis anka kira ni Rabah gyaran wani inji, na yini can.

Ran Juma'a kowa ya tafi masallaci. Sun saba barin sumo tana cika tafki, tunda ita ke lura da kanta. Da sunka dawo bayan an sakko, ba ƙara, ba ruwa, bututu a bushe, ƙwai kuma yana nan kore abinshi. Ban kai Asabar ɗin ba.

Taubashina ne ya kira injiniya. Yana wani aiki nesa, sai Lahadi ya iso. Anka aiko mani, na je. Ya buɗe akwati, ya tsaya yana kallon wayoyina biyu har na ƙosa. Bai tambayi wa ya ɗaura ba, dalmar gawayi ba ta ɓoyuwa. Ya sa mita nan, ya sa can. Sannan ya yi magana a hankali, ba don kowa ya ji ba, amma kowa ya ji.

"Kawu, wanga ba fis ba ne. Fis haɗa waya yake yi. Shi wanga raba su anka sa shi yi."

Na tambaye shi to mi ya sa ƙwaƙwalwa ba ta mutu nan take ba, tunda ya ce taɓawa ɗaya ta isa. Ya nuna mani wani ɗan tsiri mai zanen launi da ke gaban ofto, resista, irin wanda na sani tun zamanin rediyo. Ya ce shi ya rage wa wutar ƙarfi, shi ya sa ƙafar ƙwaƙwalwa ba ta fashe ba, dahuwa ta yi a hankali har ta manne a kan amsa ɗaya, akwai ruwa, akwai ruwa, ko da rijiya ta koma rami. Ya ce da ta mutu nan take da ya fi, da sumo ta tsira. Sannan ya taɓa makunnin nan na gefe. Ya ce wannan na hannu ne, in an juya shi sumo tana tashi ba tare da sensa ba, sai dai mutum ya zauna bakin bututu ya kashe in ruwa ya sirance. Da shi za a riƙe gona har ya aiko da ofto a motar haya, yana da su cike da leda a jakarshi. Tun ranar farko ya nuna mani makunnin nan. Lokacin ina sauraren dariya.

Anka jawo sumo waje, mutum takwas a kan igiya. Na ce zan naɗa mata koyil, na naɗa na janareta ba iyaka. Ya bar ni na juya ta a kan yashi. A liƙe take ruf, ba inda za ka sa sukuddireba, ruwan da ke ɗigowa daga cikinta baƙi ne mai warin ƙonanniyar roba. Ya ce sabuwa za a nemo, da sabon allo, kuma ƙwaƙwalwa ba a saye a sa kawai, fanko take zuwa, sai ya sake rubuta mata komi. Ya ce sati biyu in Allah ya so. Ya zama sati uku da 'yan kwanaki.

Sauran gida biyar kowa ya yi asararshi, tumatir da tattasai da albasar kasuwa. Wasu sun daina amsa gaisuwata na wani lokaci, kuma ban ga laifinsu ba. Amma nasu iri yana kasuwa, baɗi za su saya su shuka. Na yaya ne babu inda za a samo.

Gulbi yana da nisa daga tudun nan, tafiyar rabin awa a babur cikin yashi. Na rufe shago. Jarka huɗu nake ɗorawa a kowane zuwa, yaya kuma ya aro jaki. Ga shi da ciwon gwiwa tun da daɗewa, in ya tsuguna sai ya dafa ƙasa zai tashi. Muna zubawa ƙasa tana shanyewa, kafin in dawo da wasu jarkokin wurin ya yi fari kamar ba a taɓa shi ba. Fangali goma sha biyu da ke shan ruwan bututu ba su san jarka ba. Bayan kwana biyar yaya ya saki fangali huɗu na gefen yamma, ya ce mu daina ɓata ruwa a kansu. Bayan wasu kwanaki ya sake sakin huɗu. Ina kallonshi yana zaɓa, yana tsayawa gaban kowane fangali kamar mai zaɓar wadda za a yanka cikin awakinshi. Zuma ta ragu, sannan ta daina zuwa. Kara ya fara sunkuyawa. Dunƙulen fure ya koma ruwan ƙasa tun lokacinshi bai yi ba.

A duk kwanakin nan bai yi mani faɗa ba. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Wata rana bayan la'asar muna zaune kan jarkoki a inuwar faifan sola, don ba wata inuwa a wurin, yana murza gwiwarshi. Bai kalle ni ba ya yi tambayar.

"Ran Larabar da sumo ba ta huta ba, da ka buɗe akwati. Ka san akwai abin da ya lalace?"

"Na sani, Yaya."

Ya ce, "To." Ya dafa ƙasa ya tashi, ya ce in ɗauko jarkar da ta rage mu juye kafin rana ta faɗi. Maganar da munka yi a kan abin ke nan, daga ranar har yau.

Da kaya sunka iso injiniya ya haɗa, ya toshe ramukan akwati da raga saboda zanzaro. Ya kira ni gefe ya ba ni ofto guda biyar a leda, ya nuna mani gefen ƙwai da gefen ido, da ɗigon da ke nuna ƙafar farko, da yadda ake gwada kowane gefe da mita ba tare da an haɗa su ba. Wannan karon na tsuguna na saurara har ya gama. Amma gida shidan sun sa kwado a akwati, makulli yana aljihun taubashina. Shi kuma tun daga lokacin ya daina yi mani tsiya. In mun haɗu sai ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya wuce.

Ruwa ya dawo bayan iri ya gama yanke hukuncinshi. Yaya ya yanke kawunan fangali huɗun da munka riƙe, ya shanya a tabarma, ya murje, matarshi ta sheƙe. Iri mai kyau baƙi ne ƙirin, mai nauyi, in an zuba a ruwa nutsewa yake yi. Ina tsaye ya juye nashi a cikin daro. Saman ruwa ya rufe da baƙi-baƙi, yana yawo. Ya sa hannu ya kwashe na saman ya zubar, ya tsiyaye ruwan a hankali. Abin da ya kwanta a ƙasan daro bai cika cokali biyu ba.

Bai kai shi gona ba. Bayan ɗakinshi ya yi wani ɗan fangali da bai fi tabarmar salla ba, ya kewaye da ƙaya, yana ba shi ruwa da guga daga rijiyar gida. Rabi ma bai tsiro ba. Abin da ya kai ga yin kai guda goma sha tara ne. Gona kuwa irin kasuwa ya sayo ya shuka kamar kowa, shi da bai taɓa tsayawa gaban mai sayar da iri ba. Goma sha taran nan a ƙarƙashin gadonshi sunka yi damina, huɗu sunka ruɓe, ya dasa sauran sunka yi fure, ya sami iri ɗan kaɗan. Shekara biyu ke nan ta tafi a haka.

Ni kuma na sayi mita. Sola ta yi yawa yanzu a gonaki, ana kirana, don ba kowa ya ji labarin ba. In na buɗe akwati nakan fara tambayar kaina wutar wane gefe ce wannan, nawa ce, ɗaya gefen kuma nawa yake ɗauka, mi anka sa a tsakani. In baƙin abin nan ne ya mutu kuma ina da irinshi, in sa. In ba ni da shi, in ce a jira. Sau biyu an sallame ni saboda haka, ɗaya a wajen Gandi, ɗaya nan kusa da mu. Na wajen Gandi ban kai bakin hanya ba na ga an ɗauko wani makaniki a babur, da ƙarfen dalma a hannunshi. Na yi mashi magana, ya kama wayar da yatsa biyu ya nuna mani. Ban tsaya ba.

Bana ne yaya ya fara cire albasa daga zuriyar cokali biyun nan. Ya zuba ta a rudu daban da ta kasuwa. Bayan ruwan farko ya sauka da sati biyu na je gaishe shi, na tarar da shi a gindin rudu yana tsince ruɓaɓɓu, ƙudaje sun taru. Na tsuguna na kama mashi. Albasar ta yi haske, ba ta da duhun da, wuyanta ya yi kauri, wasu sun rabu biyu a cikin ɓawo ɗaya. Injiniya bai san wannan ba, ni ma ban sani ba, yaya ne ya taɓa cewa iri in ya fito daga uwaye kaɗan rauni yake yi. Tarin ruɓaɓɓun nata ya kusa kai na albasar kasuwa.

Yana ɗauka yana danna wuya da babban yatsa, yana jefarwa. Can sai ya sami wata ya juya ta, ya sake juyawa, ya sa a kwando. Na tambaye shi ko ita ce.

"Tana kama da ita," in ji shi.

Munka ci gaba da tsinta har anka kira azahar. Kwandon ko rabi bai yi ba. Ya ɗauka da kanshi ya shiga da shi ɗaki, ni kuma na kwashe ruɓaɓɓun a buhu na kai juji.